Yadda Za Ka Riƙe Motsa Jiki a Lokacin Hunturu

Wanda ya saba fita motsa jiki a filin Mahaha ko filin sukuwa a Kano, ko dandalin Murtala a Kaduna, ya san yadda wurin ke yin fayau da zarar Disamba ta kankama. A watan Oktoba sai kana kauce wa mutane. Kafin tsakiyar Janairu an bar 'yan ƙwallo da wasu dattawa ƙalilan da likita ya tsorata. In ka haɗu da ɗaya daga cikin waɗanda suka ɗauke ƙafa, amsar ba ta canzawa: "Wallahi sanyi ne, bari ya ɗan lafa." Sanyin kuwa ba ya sakin gari sai wajen ƙarshen Fabrairu, daga nan bazara ta karɓa da zafin da ke haura digiri 40, a ce bari ruwa ya sauka.

Abu biyu ne suke zuwa tare a hunturu, kuma maganinsu ba ɗaya ba ne: sanyi da ƙura. Sanyinmu bai kai ya hana lafiyayyen mutum fita ba. Da asuba a Kano cikin Janairu ma'auni kan sauka wajen digiri 13, a Jos yakan yi ƙasa da 10 a wasu ranaku. Irin wannan yanayin manyan 'yan gudun duniya suke nema ido rufe. Ranar 12 ga Oktoban 2019 da Eliud Kipchoge na Kenya ya yi gudun fanfalaki cikin ƙasa da awa biyu a birnin Vienna, an zaɓi gari da lokacin ne saboda sanyinsu, kuma ma'auni na wajen digiri 10. Jiki mai aiki shi yake hura wa kansa wuta, don haka sanyin yana cizo ne a minti goma na farko kawai.

Ƙura kuwa uzuri ce ta gaskiya. Iskar arewa maso gabas ce ke kwaso ta daga Sahara, kaso mai yawa daga kwarin Bodele da ke arewacin Chadi. Akwai mai laushin da ba ta tsayawa a hanci, tana wucewa har can cikin huhu, kuma mai gudu yana shaƙar iska ninkin-ba-ninkin na wanda ke zaune. Saboda haka matakan da ke tafe sun kasu biyu: sanyi a yi masa tsari, ƙura a kauce mata.

Mataki na 1: Ka rage buri da kanka tun kafin sanyi ya rage maka

Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ga baligi ita ce minti 150 zuwa 300 a mako na motsi matsakaici, ko minti 75 zuwa 150 na mai tsanani, da ranaku biyu na ƙarfafa tsoka. Matsakaici shi ne tafiyar da za ka iya magana a cikinta amma ba za ka iya rera waƙa ba. Minti 150 ɗin nan rabin awa ne sau biyar a mako, ba wani abin tsoro ba.

Ka yanka wa kanka rabo iri biyu. Na farko cikakke, wanda za ka yi ranar da jiki ya yarda: minti 30 zuwa 45. Na biyu ɗan ƙarami, wanda ko kai za ka ji kunyar cewa ya gagare ka: minti goma. Ranar da ka tashi ba ka jin komai, ƙaramin za ka yi, kuma ka ƙirga shi a matsayin ka fita. Ƙa'idar da hukumar ta fitar a 2020 ma ta daina cewa sai motsi ya kai minti goma a jere kafin a lissafa shi. Amfanin ƙaramin rabo a fili yake: wanda ya zauna gaba ɗaya, cikin mako biyu zuwa uku numfashinsa zai fara raguwa, amma wanda ya riƙe kwana biyu ko uku a mako da ɗan ƙarfi zai tsira da mafi yawan abin da ya tara.

Sannan ka sa wa abin rana da lokaci da wuri. "Zan riƙa ɗan motsa jiki" fata ne kawai. "Litinin, Laraba, Alhamis da Asabar, bayan sallar Asuba, daga ƙofar masallaci zuwa shataletale in dawo," wannan shi ne shiri. Rubuta shi a takarda ka liƙa a bayan ƙofa.

Mataki na 2: Ka ɗaure shi a jikin abin da ba ka fashinsa

A ganina nan ne dukkan maganar take. Mutane na tsammanin ƙarfin zuciya suka rasa, alhali lokacin da suka zaɓa ne ba ya jingine da komai. In ka ce "ƙarfe bakwai zan fita", to kullum ƙarfe bakwai sai an zauna sabuwar shawara tsakaninka da bargo, kuma shi ne da rinjaye.

Mai zuwa masallaci da asuba ya riga ya gama aikin da ya fi wuya. Ya yaye bargo, ya taɓa ruwa, ya fito iska ta buge shi. Wurin da ake faɗuwa shi ne komawa ɗaki "don a canza kaya". Shimfiɗa na nan da ɗuminta, ka zauna bakin gado da niyyar ɗaura igiyar takalmi, ka ce bari ka ɗan kishingiɗa gari ya ƙara haske, sai hayaniyar 'yan makaranta ta tashe ka. Maganin wannan shi ne kada ka koma. Ka sa wandon atisaye da rigar sanyi a ƙarƙashin jallabiya tun daga gida, ka tafi da kambas ɗinka a ƙafa. In an idar ka zauna ka yi azkar ɗinka a natse. A Janairu ana sallah tsakanin biyar da rabi da shida, rana kuma ba ta fitowa sai wajen bakwai saura minti goma, don haka azkar da ɗan karatu za su kai ka lokacin da gari ya fara wayewa. Daga ƙofar masallaci ka miƙe hanya. Tafiya da jallabiya ba laifi ba ce, mai son sassarfa ya naɗe ta ya ɗaura a ƙugu ko ya ba maƙwabci ya wuce masa da ita gida. Da sanyin safiya ake kama fara.

Kada ka fita cikin duhu kai kaɗai. Ka bi gefen da kake fuskantar motoci masu tahowa, ka sa riga mai haske, domin hazo na rage wa direba gani. Waya kuma ka bar ta a gida ko ka ɓoye ta cikin aljihun ciki. Ƙwacen waya ba sabon labari ba ne a manyan garuruwanmu, kuma mai tafe da abin sauraro a kunnuwa biyu ba ya jin babur na tahowa ta baya.

Sai dai asuba ba ta dace da kowace unguwa ba. Da safiyar hunturu iska mai sanyi kan kwanta ƙasa-ƙasa, ta riƙe hayaƙin shara da tayoyi da itacen da ake ƙonawa don jin ɗumi. In unguwarku irin wadda za ka fito ka tarar da hayaƙi ya yi shimfiɗa a kan layi ce, to ka nemi fili ko makaranta nesa da titi, ko ka canza lokaci. Bayan La'asar, daga huɗu da rabi zuwa shida saura kwata, gari ya yi daidai, ba sanyi ba zafi, ga haske har wajen shida da kwata. Ma'aikaci ya ajiye kambas a ofis ko a but ɗin mota, ya yi zagayensa kafin ya isa gida, don in ya shiga gida ya ji ƙamshin abinci an gama. Ɗan kasuwa ya sauka daga adaidaita sahu tun da sauran tafiyar minti goma sha biyar, ya ƙarasa shago da ƙafa da sauri. Wanda ke kai yara makaranta ya kai su a ƙasa in da kusa, ya dawo ta hanya mai nisa. Dattijo da mai hawan jini su jira hantsi, tara zuwa goma, rana ta ɗan ɗaga.

Mataki na 3: Ka shirya tun da dare

Baligi na buƙatar barcin awa bakwai ko fiye. Mai son tashi biyar ya kwanta goma. Matsalar ita ce a watannin nan wasannin dare na Turai ƙarfe tara suke farawa a agogonmu, su ƙare wajen sha ɗaya, kafin a gama musu a gidan kallo sha biyu ta yi. Ba na cewa ka bar kallo, amma kada ka sa ranar fitarka ta zama washegarin babban wasa. Ka duba jadawalin kulob ɗinka ka tsara makonka a kai.

Kafin ka kwanta, ka jera kayan a kan kujera yadda za ka sa su: wando, riga, safa a cikin takalmi, hula a sama. Ka cika filas da ruwan zafi. Wayar da za ta tashe ka ka ajiye ta inda sai ka taka ƙasa kafin ka kashe ta.

Akwai uzurin da mutane ba sa faɗa a fili: wanka. Wanda ya yi gumi dole ya yi wanka, ruwan randa kuma ya kwana yana sanyi. Filas babba guda ɗaya ta isa ta sirka rabin bokiti, ko ka roƙi mutanen gida su ɗora maka ruwa lokacin da ake dama koko. Abin da ba a yi shi ne jefa hita a bokitin roba a fita a bar ta, domin hunturu lokacin gobara ne. Haka nan kaskon gawayi a rufaffen ɗaki: yana fitar da iskar da ba ta da wari ba ta da launi, mai sauƙinta ka tashi da ciwon kai da kasala, mai tsananinta ba a tashi. A ji ɗumin a waje, a kashe kafin a kwanta.

Mataki na 4: Sutura, mai da ruwa

Riguna biyu ko uku marasa kauri sun fi jibgegiyar riga ɗaya, saboda za ka iya cire ɗaya in jiki ya ɗauki zafi. Wadda za ta taɓa fata ta zama irin jesin 'yan ƙwallo mai saurin bushewa. Auduga tana shan gumi ta riƙe, in iska ta buga sai ta koma sanyi a jikinka. A sama ka ɗora suwaita mai zif. Wajen 'yan gwanjo, irin na Ƙofar Wambai, za ka haɗa duk wannan da kuɗi kaɗan. Ma'aunin shi ne in ka fito ƙofar gida ka ji ɗan sanyi-sanyi. In tun a tsaye ka ji ɗumi sosai, kayan sun yi yawa. Hular da ta rufe kunne da safa mai kauri sun fi ƙarin riga amfani.

Masu naɗe ciki da leda ko su sa rigar ruwa wai don kitse ya narke, ruwan jikinsu kawai suke zubarwa. Kofi biyu za su sha nauyin ya dawo.

Ka shafa basilin ko man kaɗanya a leɓe, da bakin hanci, da bayan hannu, da dunduniya. Faso ƙaramin abu ne, amma ya isa ya zaunar da mutum mako guda, don haka a shafe ƙafa da dare a sa safa a kwana da ita.

Ruwa kuma shi ne abin da aka fi mantawa. Sanyi na danne ƙishirwa, busasshiyar iska na shanye gumi tun kafin ka gan shi, kowane numfashi kuma da ruwa yake fita. Ka sha kofi ɗaya ko biyu na ruwa mai ɗumi kafin ka fita, ka ƙara in ka dawo. In fitsarinka ya yi duhu, ruwan bai isa ba. Da ka shigo gida ka cire jiƙaƙƙiyar riga nan take, kada ka tsaya hira da ita a ƙofar gida.

Mataki na 5: Minti goma na farko

Tsokar da ta kwana cikin sanyi a ɗaure take, in ka fizge ta da gudu za ta iya yin rauni. Ka fara da tafiya a hankali na minti uku, kana juya kafaɗu da hannuwa. Ka ƙara sauri na minti uku. Ka tsaya ka ɗaga gwiwa zuwa ƙugu sau ashirin, ka kai dunduniya baya sau ashirin, ka tsuguna ka tashi sau goma. Daga nan ka shiga ainihin tafiyarka ko sassarfa. Miƙar da ake tsayawa a ja tsoka a riƙe, a bar ta sai an gama, lokacin jiki ya yi laushi.

Ka yi wa kanka alkawari ɗaya: in minti goma ya cika har yanzu ba ka so, ka juya gida, ba wanda zai tuhume ka. Da wuya ka juya. Kafin lokacin yatsu sun saki, hanci ya buɗe, ka fara zuge zif ɗin suwaita.

Mataki na 6: Ranar da hazo ya sauka

Ka zaɓi wani abu mai tsayi da kake hangowa daga ƙofar gidanku, mai nisan kamar kilomita ɗaya: hasumiyar masallacin Juma'a, tankin ruwa, ko ƙarfen sabis. Shi ne ma'auninka na kullum. In ka gan shi tar, ka fita yadda ka saba. In ka gan shi dishi-dishi, ka bar gudu ka yi tafiya, kana shaƙa ta hanci, ka taƙaita. In ya ɓace gaba ɗaya, rana ta fito fara fat har kana iya kallonta, ka ji ƙasa-ƙasa a haƙoranka, to ranar ta ɗaki ce. Irin ranakun ne jirage ke kasa sauka a filin Malam Aminu Kano. Hukumar hasashen yanayi ta ƙasa, NiMet, kan fitar da gargaɗin hazo, gidajen rediyo na karantawa, yana da kyau ka saurara tun da dare.

Takunkumin yadi ko rawani na tare manyan ƙwayoyin ƙura, yana kuma ɗumama iskar da kake shaƙa, amma mai laushin tana ratsa shi. Irin N95 ne ke tace ta sosai, shi kuma ya fi dacewa da tafiya, gudu da shi akwai takura.

Ɗakin da za ka yi atisaye a goge shi da jiƙaƙƙen tsumma. Shara a bushe tayar da ƙurar kawai take yi. A rufe tagar da ke fuskantar iska. Wurin da tabarma ɗaya za ta shimfiɗu ya ishe ka. Ga zagaye guda, kowane motsi daƙiƙa 40, hutu daƙiƙa 20:

- Taka a wuri ɗaya kana ɗaga gwiwa da sauri.
- Zauna kan kujera ka tashi ba tare da ka dafa ba. In ya yi sauƙi, cire kujerar ka tsuguna.
- Kifa ciki, dafa ƙasa da tafin hannu, ɗaga jiki ka sauke. Mai farawa ya sa gwiwa a ƙasa, ko ya dafa bango a tsaye.
- Hau matakala ɗaya ko dakali ka sauko, kana canza ƙafa.
- Ɗauki jarka mai lita biyar a kowane hannu, ɗaga zuwa kafaɗa ka sauke. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, ka rage ko ka ƙara daidai ƙarfinka.
- Dogara da gwiwar hannu da yatsun ƙafa, jiki a miƙe sambal, ka riƙe.

Zagaye ɗaya minti shida ne. Uku da ɗan hutu tsakani sun ba ka minti ashirin, kuma sun biya maka ranar ƙarfafa tsoka. Mai lafiyar gwiwa ya ƙara da tsallen igiya. Ka gwada wannan zagayen sau ɗaya ranar da gari ke garau, don ranar hazo kada ka tsaya tunanin me za ka yi.

Mataki na 7: Ka samu wanda zai buga maka ƙofa

Mutum na iya saɓa wa kansa alkawari sau goma bai ji komai ba, amma ya bar aboki tsaye cikin sanyi a bakin layi, wannan da nauyi. Mutum biyu zuwa huɗu sun isa. In aka yi yawa kowa sai ya ɗauka ba za a lura da rashinsa ba. Ku tsayar da wurin haɗuwa, ku daina tambayar juna da dare ko za a fita, domin tambayar ce ke buɗe ƙofar fashi. Saƙon da ya halatta shi ne na safe:

"Malam, ga mu a bakin transifoma."

"Alhaji, yau fa sanyin nan ya yi yawa."

"Mu ma a cikinsa muke. Fito, minti biyu muka ba ka."

Ku sa tara mai ban dariya: wanda ya yi fashi ba da uzuri ba shi zai biya shayin Asabar. Shayin ma wani ƙarfafa gwiwa ne, ku sa teburin mai shayi ya zama ƙarshen hanya. Amma a yi hattara, shayi mai kauri da rabin gwangwanin madara, cokali huɗu na sukari, biredi da ƙwai uku ya fi abin da ka ƙona a rabin awa. Koko da ƙosai kaɗan, ko shayi marar sukari sosai, ya wadatar. Lokacin kayan lambu ne kuma, karas da latas da kabeji da tumatir suna araha.

Ku ajiye wani abin marmari a ƙarshen mako: hawan Dala ko Goron Dutse ga 'yan Kano, Kufena ga 'yan Zariya, duwatsun Shere ga 'yan Jos. Wanda ya san ranar Asabar zai hau dutse tare da abokai ba ya so a gan shi yana haki a baya, wannan kaɗai kan fitar da shi ranar Laraba.

Mataki na 8: Uwargida da 'yan mata

Hajiya, safiyarki ba taki ba ce: ruwan wankan yara, abin kari, shirin makaranta. Kada ki sa lokacinki a nan. Ki ɗaure shi da fitar yara: suna fita, kafin ki taɓa wanke-wanke, ki ba kanki minti ashirin. Hantsi ya fara, tsakar gida ta ɗan yi ɗumi. Zagaya tsakar gida da sauri, ko ki kunna waƙoƙin biki uku a jere ki taka rawa a ɗaki, wannan kusan kwata ɗin awa ne kuma zuciya za ta buga yadda ake so. Zagayen da aka bayyana a sama duk naki ne. Aikin gida motsi ne, ba musu, daka da jan ruwa a rijiya ma atisaye ne sosai, amma yawancin aikin yanzu tsayuwa ce da sunkuyo, yana gajiyarwa ba tare da ya sa numfashi ya ɗaga ba.

In kina fita, ki haɗa kai da maƙwabciya ko abokiyar Islamiyya ku riƙa tafiya a ƙasa da sauri, hijabi ba ya hana komai, kambas kawai za ki sa a maimakon silifas. Maigida kuma, in da hali, ka riƙe yara rabin awa ranar Asabar ko ku fita tare bayan La'asar.

Mataki na 9: Kalanda, fashi da mura

Ka rataye kalanda inda kake gani, duk ranar da ka yi, ko ƙaramin rabo ne, ka sa alama da biro. Kada ka auna nasara da sikeli a watannin nan, sanyi na buɗe ciki, nauyi na iya tsayawa wuri ɗaya. Ka duba alamomin da suka taru, da barcinka, da yadda kake hawa bene.

Fashi zai faru: biki, tafiya, rasuwa, baƙi. Wani bincike da aka yi a jami'ar University College London da ke Ingila ya nuna sabon hali kan ɗauki kimanin kwana 66 kafin ya zama jiki, wasu ƙasa da haka, wasu fiye sosai, kuma tsallake rana ɗaya bai rushe ginin ba. Dokar ita ce kada fashi biyu su haɗu a jere. Kada kuma ka rama da ninki, washegari ka yi rabonka na kullum kawai.

Mura ba ta rasa kowa a hunturu. In a hanci ta tsaya, atishawa da yoyon majina, tafiya a hankali ba ta da laifi. In akwai zazzaɓi, ciwon jiki, ko tari daga ƙirji, ka kwanta ka huta har ka warke, sannan ka dawo da rabin abin da ka saba. Zazzaɓi mai zafi da ciwon kai da sanƙarewar wuya kuwa maganar asibiti ce nan take, domin rani lokacin sanƙarau ne.

Waɗanda za su fara ganin likita

Mai asma: busasshiyar iska mai sanyi da ƙura duk suna tayar da ita. Ka riƙe abin shaƙarka a aljihu kullum, ka tambayi likita ko za ka riƙa shaƙa kafin ka fara, ka tsawaita ɗumama jiki. Mai sikila: sanyi da ƙarancin ruwa da wahalar da ta wuce kima na jawo ciwo, don haka a tsaya kan motsi mai sauƙi a cikin ɗumi, da ruwa a kusa. Mai hawan jini ko ciwon zuciya: sanyi na tsuke jijiyoyin jini, awo kan ɗan hau, a sha magani kan lokaci, a fita da hantsi, a guji ɗaga nauyi ana riƙe numfashi. Mai ciwon suga ya duba ƙafarsa kullum saboda faso, ya riƙe dabino ko alewa in yana shan maganin da ke saukar da suga. Mai juna biyu ta yi shawara a wajen awo. Kowa da kowa: ciwon ƙirji, jiri, ko numfashin da ya ƙi dawowa bayan an tsaya, a dakata a nemi asibiti.

In azumi ya shigo cikin sanyin

Azumin 2025 ya kama a farkon Maris, na 2026 bayan tsakiyar Fabrairu, kuma duk shekara yana matsowa da kwana goma ko sha ɗaya. Shekarun da ke tafe a tsakiyar hunturu za a yi shi. Tsarin bayan Asuba ba zai yi wa mai azumi daɗi ba, don ba damar shan ruwa har faɗuwar rana, ga iska a bushe. Ka mayar da lokacinka ɗaya daga biyu: tafiya mai sauƙi ta minti ashirin zuwa talatin dab da shan ruwa, ko atisaye mai ɗan ƙarfi bayan an yi awa ɗaya zuwa biyu da buɗa baki, kafin tuwo ya yi nauyi a ciki. Wanda ke zuwa Tarawihi ko tafsiri ya zaɓi masallaci mai ɗan nisa ya je a ƙasa, ya sa rigar sanyi saboda dawowa. Kwana uku a mako sun isa a watan, kuma ka raba shan ruwanka tsakanin Magariba da sahur maimakon ka ɗura shi lokaci ɗaya.